Lissafin Kaso

Kaso a ilimin lissafi shi ne adadin da ke nuna wani ɓangare na abu guda da aka raba daidai wa daida. Ana rubuta shi da lambobi biyu: ta ƙasa tana faɗin gida nawa aka raba abin, ta sama kuma gida nawa aka ɗauka. Rabi shi ne 1/2, sulusi 1/3, rubu'i 1/4.

Ba a haɗa kaso biyu sai an mayar da su gida ɗaya, kuma a nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe. Yaro zai ce 1/2 da 1/3 sun ba da 2/5, alhali 2/5 bai ma kai rabin da aka fara da shi ba. Abin da ake yi shi ne a nemo ƙaramar lambar da 2 da 3 ke shiga cikinta ba saura, wato 6. Rabi ya zama 3/6, sulusi 2/6, jimla 5/6. Da wannan dabarar ake warware lissafi irin x/2 + x/3 = 10: a ninka kowane ɓangare sau 6, a sami 5x = 60, x ya zama 12.

Tun kusan shekara ta 1550 kafin haihuwar Annabi Isa marubutan Misira suke aiki da kaso. A Bagadaza kuwa, wajen shekarar 820, masanin lissafi Alkhawarizmi ya keɓe babban sashe na littafinsa na aljabara ga lissafin wasiyya da gado.

Rabon gado ne fagen da ya fi nuna darajar wannan ilimi, kuma ya kamata malaman lissafi su riƙa ɗauko misalansu daga can. Rabon da Alƙur'ani ya ƙayyade shida ne: 1/2, 1/4, 1/8, 2/3, 1/3 da 1/6. Lambar ƙasa da ake mayar da su gare ta don a haɗa su, malaman fara'ila, wato masana rabon gado, suna kiranta asalin mas'ala. Wani lokaci jimlar takan zarce dukiyar. Idan mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai, miji yana da 3/6, su kuma 4/6, ga shi an kai 7/6. Tun zamanin Halifa Umar ake warware wannan da auli: a raba dukiyar gida 7, miji ya ɗauki 3, matan su ɗauki 4, ragin ya shafi kowa gwargwadon rabonsa.