Na'urar Blu-ray da wayoyin haɗa ta da talabijin

Blu-ray faifan bidiyo ne mai fitar da hoto tangaran, wanda ya shigo kasuwa a 2006 don ya gaji DVD. Da farko ya yi gogayya da HD DVD na kamfanin Toshiba, amma a Fabrairun 2008 Toshiba ya janye, fagen ya zama na Blu-ray shi kaɗai. Na'urarsa tana karanta faifai da hasken laza shuɗi, wanda ya fi jan hasken DVD siranta, shi ya sa faifai mai shimfiɗa ɗaya ke ɗaukar gigabait 25, mai biyu 50, alhali DVD na 4.7 ne. Hotonsa ɗigo 1920 ne a kwance, 1080 a tsaye. A 2016 aka fito da Ultra HD Blu-ray mai ɗigo 3840 da 2160, wanda ake kira 4K.

Wayoyin hoto

Mai neman na'ura a Yamai ya kamata ya fara da leƙa bayan talabijin ɗinsa, don wayar da ta shiga can ita ke yanke hukunci kan hoton da za a gani. Wayar nan mai kai ruwan ɗorawa, da ke tafe da fara da ja na sauti, ba ta wuce layi 576. Haka ma Péritel mai haƙora 21, wadda ta zo da tsofaffin tele na Faransa. Duk kyan faifai, idan ya bi ta cikinsu hoton DVD zai koma, kuɗin kuma sun tafi a banza.

Wayoyi uku masu kai kore, shuɗi da ja suna iya ɗaukar hoto mai layi 1080, sai dai ƙa'idar hana satar fasaha ta kashe su: na'urorin da aka fitar daga 2011 suna rage ingancin hoto ta wannan hanya, bayan 2013 kuwa aka daina sa musu ita gaba ɗaya.

Saura HDMI, wadda ke ɗaukar hoto da sauti a waya guda. Samfurin 1.3 na 2006 ya kawo sautin Dolby TrueHD da DTS-HD, 1.4 na 2009 ya ƙara 3D, 2.0 na 2013 kuma shi ake nema don 4K. A nan mutane da yawa ke tuntuɓe, domin faifan 4K yana bukatar mashigar talabijin mai kariyar hana kwafi ta HDCP 2.2, in babu ita, ko hoton ya ragu ko allo ya yi baƙi. Tsadar waya ba ta ƙara kyan hoto, muddin tana isar da saƙon ba yankewa.

Abin dubawa kafin saye

Akwai na'urori birjik a Babbar Kasuwa da Katako masu tambarin HD a jiki, waɗanda DVD ne kawai suke karantawa su kumbura hoton. Alamar Blu-ray a gaban na'ura da gwajin faifai a gaban mai shago su ne shaida.

Sai lambar yanki, wadda ake sa wa faifai da na'ura don faifai ya yi aiki a na'urar yankinsa kaɗai. Afirka, Turai da Gabas ta Tsakiya suna yankin B, Amurka da Japan A, Sin da Indiya C. Na'urar da aka yo tsarabarta daga Faransa ko Dubai za ta karɓi faifan yankinmu, ta Amurka kuwa tana iya ƙi. Faifan 4K ba shi da wannan shinge.

Wutar Nijar bolt 220 ce, wasu na'urorin Amurka kuma 120 kaɗai suke jurewa, in an jona su kai tsaye sai su ƙone. Yawan ɗaukewar kuran ya sa na'urar daidaita wuta ta zama tilas, ƙurar hunturu kuma tana dushe idon laza, don haka rufe na'ura da ƙyalle bayan ta huce yana tsawaita ranta. Samsung ya daina fitar da sababbin na'urorin Blu-ray a 2019, shi ya sa wasu ke komawa ga PlayStation 3, 4 ko 5 mai mazubin faifai. A cikinsu ta 5 ce kaɗai ke karanta faifan 4K.