Ma'anar karayar arziki, da yadda ta cinye wani babban kamfanin lauyoyi a Amurka

A gari irin Maraɗi, inda kusan kowane gida yake da ɗan kasuwa, babu wanda bai taɓa jin an ce "wane ya karye" ba, kuma akan faɗi maganar ne da murya ƙasa-ƙasa kamar ana sanar da rasuwa. Mutane da yawa suna ɗaukar karayar arziki daidai take da talauci, wato mutum ya wayi gari ba ya da ko tamma. Ma'anar kalmar a wajen alƙalai da ma'aikatan banki ta fi haka ƙunci, kuma rashin sanin wannan ma'ana ya sa ƴan kasuwa da dama ba sa gane sun karye sai bayan watanni da karyewar.

Dokar kasuwanci ta OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, wadda Nijar take aiki da ita tare da wasu ƙasashe 16 na Afirka, ta ɗora hukuncin ne a kan abin da take kira cessation des paiements da Faransanci, wato tsayawar biya. Mutum ko kamfani yana shiga wannan hali ne a ranar da kuɗin da ke hannunsa, da abin da zai iya mayarwa kuɗi nan take, suka kasa biyan bashin da wa'adinsa ya cika. A ɗauki misalin ɗan kasuwar da sitonsa yake cike da buhunan shinkafa har rufi, yana da gidaje biyu na haya, kuma littafinsa cike yake da sunayen mutanen Jibiya da Katsina da yake bi bashi. Idan mai kawo masa kaya daga Kwatano ya ce ranar Juma'a yake son kuɗinsa, banki ma ya ce wa'adinsa ya cika, shinkafa ba ta fita ba, masu bashi kuma suna ta ba da haƙuri saboda naira ta faɗi, to a idon doka wannan mutum ya tsaya da biya, ko da a lissafin takarda dukiyarsa ta ninka bashinsa.

Malamanmu na fiƙihu sun san wannan babi tun da daɗewa, suna kiransa taflisi, wanda abin ya sama kuwa muflisi. A mazhabar Malikiyya, idan bashi ya mamaye dukiyar mutum kuma masu binsa suka kai ƙara, alƙali yana hana shi taɓa dukiyar, a sayar a raba wa masu bashi gwargwadon abin da kowa yake bi, wanda kuma ya tarar da ainihin kayansa da ya sayar ba a biya shi ba yana da zaɓin ɗauke kayansa. Aya ta 280 a cikin Suratul Baƙara ta yi umarnin a jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Saboda haka tsarin kotu na raba dukiyar wanda ya karye ba baƙon abu ba ne a wajenmu.

Misalin da ya fi fito da ma'anar kalmar fili, a ganina, shi ne na kamfanin lauyoyi na Dewey & LeBoeuf da ke birnin New York, domin kamfani ne da bai da sito, bai da motocin dakon kaya, kuma har zuwa shekararsa ta ƙarshe yana karɓar ɗaruruwan miliyoyin dalolin Amurka a hannun masu hulɗa da shi. An kafa shi a 2007, lokacin da tsofaffin gidaje biyu suka haɗe. Ɗaya shi ne Dewey Ballantine, wanda asalinsa ya koma 1909, kuma ya samu sunansa daga Thomas Dewey, tsohon gwamnan jihar New York da ya yi takarar shugabancin Amurka a 1944 da 1948 bai ci ba. Ɗayan kuwa LeBoeuf Lamb ne, wanda aka kafa a 1929 kuma ya yi suna wajen yi wa kamfanonin inshora da na makamashi aiki. Da aka haɗe su, lauyoyin kamfanin sun haura 1,300, da ofisoshi a ƙasashe da dama, a ƙarƙashin shugabancin Steven Davis.

Irin wannan kamfani mallakar manyan lauyoyinsa ne, kowannensu abokin tarayya ne mai hannun jari, kuma bisa al'ada sai shekara ta ƙare a cire abin da aka kashe sannan a raba ribar da ta rage. Idan shekara ta yi kyau kowa ya samu, idan ta yi muni kowa ya ji a jikinsa. Shugabannin Dewey & LeBoeuf sun kauce wa wannan al'ada. Don su riƙe fitattun lauyoyinsu, su kuma janyo na wasu gidaje tare da manyan kamfanonin da suke yi wa aiki, sai suka riƙa sa hannu a kan alkawarin biyan tsayayyen kuɗi na shekaru da dama, a samu riba ko kada a samu. Kimanin abokan tarayya 100 ne suka samu irin wannan alkawari, wasunsu na miliyoyin daloli a shekara, alhali wasu abokan tarayyar suna karɓar abin da bai wuce dala dubu 300 ba. Da wannan mataki, abin da a da rabon riba ne ya zama bashi mai wa'adi a wuyan kamfani.

Shekara guda bayan haɗewar, a Satumban 2008, bankin Lehman Brothers ya rushe, tattalin arzikin duniya ya girgiza, manyan cinikayyar da lauyoyin suke samun kuɗi a kansu suka ragu ƙwarai. Alkawuran kuwa suna nan daram. Kamfanin ya jingina da rancen bankuna, ya riƙa jinkirta biyan wasu abokan tarayya yana mayar da haƙƙinsu bashin baɗi, kuma a 2010 ya sayar wa kamfanonin inshora takardun lamuni na dala miliyan 150, wato ya ci bashi a wajensu, abin da ba kasafai gidajen lauyoyi suke yi ba. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan kasuwa yana karɓar kaya bashi a wajen wani don ya sayar da araha ya biya wani zai gane halin da ake ciki. Daga waje gidan yana ƙara girma, ana ɗaukar sabbin lauyoyi, ana sanar da alkaluman samun kuɗi masu kyau. Daga baya mujallar The American Lawyer, wadda take tattara irin waɗannan alkaluma, ta gyara kuɗin shigar kamfanin na 2011 daga dala miliyan 935 zuwa miliyan 782.

A farkon 2012 labari ya bazu cewa babu kuɗin da za a cika alkawuran. A nan ne bambancin gidan lauyoyi da sauran kamfanoni ya bayyana. Ƙa'idar aikin lauya a jihar New York ba ta yarda wanda ba lauya ba ya mallaki hannun jari a gidan lauyoyi, don haka babu wani attajiri da zai iya zuba kuɗi ya saye kamfanin ya cece shi. Ƙa'idar kuma ba ta yarda a ɗaure lauya da yarjejeniyar da za ta hana shi komawa wani gida ba, domin wanda ake yi wa aikin yana da ƴancin bin lauyan da ya amince da shi. Saboda haka duk lauyan da ya fita yakan tafi da mutanensa, kuɗin shiga ya ragu, bashi kuma ya ƙara nauyi a kan waɗanda suka rage, abin da yake sa su ma su gaggauta neman mafita. Ƴan kasuwarmu sun san irin wannan a tsakanin ubangida da yaransa. Yaron da ya shekara goma yana kai kaya Kano shi ne ya san dillalai, shi suke kira a waya, kuma ranar da ya ji ƙishin-ƙishin cewa ubangida ya soma tangaɗi ya koma wani gida, cinikin ma binsa yake yi. A cikin ƴan watanni, mafi yawan abokan tarayyar Dewey & LeBoeuf, waɗanda suka kai kimanin 300, sun watse.

Ranar 28 ga Mayu, 2012, kamfanin ya kai kansa kotun karayar arziki da ke Manhattan a birnin New York, da bashin da ya haura dala miliyan 300, kuma a lokacin babu gidan lauyoyi a tarihin Amurka da ya kai shi girma da ya faɗi. Ya nemi kariya a ƙarƙashin babi na 11 na dokar karayar arziki ta Amurka, wanda asali an yi shi ne don kamfani ya gyara tsarinsa ya ci gaba da aiki, amma a nan babu abin da ya rage da za a gyara, sai dai a bi sawun kuɗin aikin da ba a biya ba, a sayar da kayan ofis. Ɗaruruwan sakatarori da akawu da ƙananan lauyoyi, waɗanda babu wanda ya shawarce su lokacin da ake sa hannu a kan alkawuran, sun rasa aikinsu, kuma su ne suka fi ba ni tausayi a cikin labarin. Tsofaffin abokan tarayya kimanin 400 sun amince su mayar da dala miliyan 71.5 don a rage wa masu bashi asara, a madadin a daina binsu da ƙara.

Wajibi ne a raba karayar arziki da ha'inci, domin a bakin mutane sukan cakuɗe. Karyewa ita kaɗai ba laifi ba ce, ɓoye ta da ƙaryar lissafi shi ne laifi. A 2014 mai gabatar da ƙara na Manhattan ya tuhumi shugabannin kamfanin da yaudarar bankuna da masu ba da lamuni ta hanyar gyara littattafan kuɗi. Shari'ar farko ta watse a 2015 saboda masu taimaka wa alƙali sun kasa cimma matsaya a kan manyan tuhume-tuhumen. An janye ƙarar Davis bisa yarjejeniya, a shari'a ta biyu kuma, a 2017, aka samu tsohon shugaban sashen kuɗi da laifi, aka wanke tsohon babban darakta.

Dokar OHADA ma ta yi wannan rabe-rabe. Tun kafin a tsaya da biya, ta buɗe ƙofa biyu ga wanda ya hango matsala: sulhu da masu bashi cikin sirri, ko kuma yarjejeniyar rigakafi a gaban kotu. Idan an riga an tsaya da biya, wajibi ne a sanar da kotu cikin kwana 30, alƙali kuma ya duba ko sana'ar za ta iya farfaɗowa a ƙarƙashin kulawar wakilin kotu, ko kuwa a sayar da dukiya a raba, inda albashin ma'aikata yake cikin haƙƙoƙin da ake fifitawa. Wanda ya ɓoye kaya, ko ya ƙirƙiro bashin ƙarya, ko ya ɓatar da littattafansa, shi ne yake fuskantar hukuncin laifi da haramcin gudanar da kasuwanci na wani lokaci. Tun gyaran da aka yi wa dokar a 2015, ba ƴan kasuwa kaɗai ta shafa ba, ta haɗa da manoma da masu sana'ar hannu da masu aikin ƙashin kansu, don haka likita mai asibitin kansa ko lauya mai ofishin kansa a Maraɗi, idan bashi ya sha kansa, ta waɗannan ƙofofi zai bi.