Ruwayoyin zuwan Turawa ƙasar Kabi

Ruwayoyin zuwan Turawa ƙasar Kabi su ne bayanai, rubutattu da na baka, kan yadda Ingilishi suka mamaye yankin da ya zama Jihar Kebbi a 1991. Ruwayoyin sun saɓa da juna, kuma saɓanin ya fi bin matsayin mai ba da labarin: jami'in mulkin mallaka ne, ko ɗan fadar Gwandu, ko Bakabe na Argungu.

Rubutun Turawa

Mafi yawan abin da ke rubuce ya fito daga rahotannin razdan da di'o-di'o na Lardin Sakkwato, waɗanda aka adana da yawansu a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna. Masu rubutun ma'aikatan gwamnati ne, damuwarsu haraji da iyakokin gundumomi, labari kuma ta bakin tafinta da fadawa yake isa gare su. Sun siffanta ƙarni na 19 a matsayin zamanin yaƙi da bauta, siffar da ta dace da hujjarsu ta cin ƙasar. Jihadin 1804 kuwa sun mayar da shi rikicin Fulani da Haɓe. Masana irin su Murray Last da Yusufu Bala Usman sun ƙalubalanci wannan fassara daga shekarun 1960 zuwa gaba, ganin cewa kowane ɓangare ya ƙunshi ƙabilu daban-daban.

Misalin da aka fi kawowa shi ne wasiƙar da Lugard, shugaban mulkin mallakar Ingilishi a Arewacin Nijeriya, ya ce Sarkin Musulmi Abdurrahman ya aiko masa a 1902, mai cewa babu komai tsakaninsu sai yaƙi. Fassarar Ingilishi ce ta yaɗu. D.J.M. Muffett, wanda shi kansa tsohon jami'in mulkin mallaka ne, ya nuna shakku a kanta. Haka yarjejeniyoyin da aka ƙulla da Gwandu: Joseph Thomson ya zo a 1885 a madadin kamfanin Ingilishi, Jamusawa suka biyo baya wajen 1895, kowanne ya koma yana iƙirarin an miƙa masa iko. Fadar ba ta ɗauki takardun a matsayin sallama ƙasa ba.

Argungu da Gwandu

Birnin Kebbi ya faɗa hannun masu jihadi a 1805, amma Kabawa suka sake kafa kansu a Argungu. Tun tayarwar da Yakubu Nabame, ɗan gidan sarautar Kabi, ya jagoranta a 1849 ba su koma ƙarƙashin Gwandu ba, ko da yake an samu sulhun da ake kira Lafiyar Toga na wasu shekaru, daga wajen 1867. Don haka da Ingilishi suka girke soja a Argungu wajen 1902, Sarkin Kabi Sama'ila, wanda aka fi sani da Sama, ya karɓe su a matsayin abokan ƙawance a kan tsohon abokin gaba. Wata runduna daga Argungu ta tashi ta shiga yaƙin Sakkwato na Maris 1903. Ruwayar Kabawa tana jaddada cewa ba da yaƙi aka ci su ba. Tana kuma tuna asara, domin iyakar Ingila da Faransa ta jefa sassan ƙasashen Arawa, Zabarma da Dendi, ƙawayen Kabi, cikin ƙasar da ta zama Nijar.

A Gwandu ba a gwabza ba, an miƙa wuya a 1903. Rahoton Turawa ya kira wannan biyayya, masu bin ruwayar malamai kuwa suna kallonsa a matsayin lalura don kare al'umma. Bayan tawayen da aka yi wa Turawa a ƙauyen Satiru, kusa da Sakkwato, a 1906, aka tuɓe Sarkin Gwandu Muhammadu Bashiru bisa zargin goyon bayan 'yan tawayen, aka naɗa Haliru Abdu. Ana saɓani kan ƙarfin hujjar zargin.

Zuru da Yauri

Kason waɗannan a rubuce kaɗan ne. An fi ambaton mutanen Zuru da sunan Dakarkari, wanda maƙwabta suka ba su, maimakon Lelna, aka kuma sa su a jerin "arna" cikin takardun haraji.

Bikin kamun kifi

Ana danganta bikin Argungu a sigarsa ta yanzu da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wadda ake ɗauka alamar ƙarshen gaba tsakanin gidajen sarautar Sakkwato da Argungu.