Baftisma: Nutsarwa ko Yayyafawa, Kuma Me Take Nufi?

Daga ina baftisma ta samo asali?

Yahaya Mai Baftisma ya riƙa yi wa jama'a baftismar tuba a Kogin Urdun, har Yesu da kansa ya zo aka yi masa. Amma wadda ikilisiya ke yi a yau ta tsayu ne a kan umarnin da Yesu ya bar wa almajiransa bayan tashinsa daga matattu, a Matiyu 28:19: su almajirtar da dukan al'ummai, suna yi musu baftisma cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. A ranar Fentikos kaɗai, ranar da Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa almajirai, wajen mutum 3,000 aka yi wa bayan wa'azin Bitrus.

To, me take nufi?

Bulus ya bayyana ta a Romawa 6:3-4 a matsayin jana'iza da tashi. An binne mai bi tare da Almasihu cikin mutuwarsa, domin ya tashi ya yi zaman sabon rai. Wanda ya taɓa tsayawa bakin rafi ranar baftisma ya ga wannan da idonsa: fasto a cikin ruwa har ƙugu, ya tallafi ƙeyar mutum ya kwantar da shi har ruwa ya rufe shi, sannan ya ɗago shi yana haki, matan zumunta na gefe suna waƙa, wata na riƙe da busasshen zane. Tsohon mutum ya tafi ke nan. Kuma ba a ɓoye ake yi ba. Shaida ce gaban jama'a cewa daga yau wannan na Almasihu ne, ɗan ikilisiya ne.

Ba wani irin wankan tsarki ba ne?

Maƙwabtanmu Musulmi kan yi wannan tambaya, kuma tana da kyau. Wankan tsarki mutum ke yi wa kansa, yana kuma maimaitawa duk lokacin da hali ya kama. Baftisma kuwa wani ne ke yi maka, sau ɗaya a rayuwa. Bitrus ma ya ce ba wanke dauɗar jiki ba ce, al'amarin lamiri ne a gaban Allah (1 Bitrus 3:21).

Wace ce hanyar da ta dace: nutsarwa, zubawa ko yayyafawa?

Nan gardamar take. Masu nutsarwa, irin su Baptis da ECWA, suna da hujja mai ƙarfi. Yahaya ya zaɓi Ainon kusa da Salim saboda akwai ruwa da yawa a can (Yahaya 3:23). Filibus mai bishara da wani babban ma'aikacin sarauniyar Habasha sun gangara cikin ruwa tare, suka kuma fito (Ayyukan Manzanni 8). EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, ita ma sau uku take nutsarwa, mutum na durƙushe ana tura shi gaba, al'adar da ta gada daga 'yan'uwan da suka fara a Kogin Eder na Jamus a 1708.

Katolika da Angilikan da Lutaran kuwa galibi zuba ruwa suke yi a kai. Su ma ba daga sama suka tsinto ba. Wani tsohon rubutun ikilisiya mai suna Didake, na wajen ƙarshen ƙarni na farko, ya ce a yi a ruwa mai gudu; in babu, a wani ruwan; in babu mai sanyi, a mai ɗumi; in duk bai samu ba, a zuba ruwa a kai sau uku. Duk wanda ya san yadda rafi ke ƙafewa a watan Maris a ƙasarmu zai gane hikimar.

Ni dai nutsarwa na fi so, domin ita ce ke nuna binnewa a fili. Amma ba zan dubi tsohuwar da aka zuba wa ruwa a gadon jinya, tana kiran sunan Yesu, in ce mata ba a yi mata komai ba.

Kalmomin da ake faɗa fa?

Kusan kowa ya haɗu a kan na Matiyu 28:19. Akwai 'yan ƙungiyoyin da ke cewa "cikin sunan Yesu" kawai, suna dogara da Ayyukan Manzanni 2:38, sai dai yawancin ikilisiyoyi ba sa karɓar wannan.

Jarirai kuma?

Masu yi wa jarirai suna cewa alherin Allah ne ke riga mutum, kamar yadda ake yi wa ɗan Isra'ila kaciya yana da kwana takwas. Suna kuma nuna Lidiya da mai tsaron kurkukun Filibi, waɗanda aka yi wa tare da iyalinsu. Masu ƙi suna cewa tuba da bangaskiya ne ke zuwa tukuna, jariri kuwa bai san ko ɗaya ba, don haka sukan miƙa yaro ga Allah da addu'a har ya girma ya shiga ajin baftisma.

Wannan saɓani ya taɓa cin rai. A Zurik ta Suwizalan, a 1527, hukuma ta nutsar da Felix Manz a Kogin Limmat har ya mutu, saboda yana yi wa manya baftisma. Abin baƙin ciki ne ƙwarai, Kirista ya kashe Kirista da ruwa a kan ruwa.

Wanda ya mutu ba a yi masa ba, ya hallaka?

Ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu bai taɓa ruwa ba, amma aka yi masa alkawarin Firdausi a ranar. Siman mai sihiri kuwa an yi masa, duk da haka Bitrus ya ce zuciyarsa ba daidai take da Allah ba. Wannan ba lasisin jinkiri ba ne ga mai lafiya da ya ba da gaskiya. Umarni ne, a bi shi.

In na sauya ikilisiya, sai an sake yi mini?

Ya danganta. Katolika da Angilikan ba sa maimaita wadda aka yi da ruwa cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Masu nutsarwa kan nemi wanda aka yi wa yana jariri ya shiga ruwa, domin a ganinsu wannan ce ta farko. Ka ɗauki katin baftismarka ka je wurin fasto da dattawa, ka tambaye su dalilinsu kafin ka amince.