Wai "direba" ne ya hana kwamfutarka magana?

Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, da kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga kula da Windows 10, tsofaffin kwamfutocin tebur da suka cika shagunan buga takardu da ƙananan makarantu a Katsina suka zama marayu. Yawancinsu tokumbo ne, HP da Dell da aka ci moriyarsu a ofisoshin Turai da Amurka, kuma Windows 11 ba ya yarda ya hau da yawa daga cikinsu, ko dai don tsufa ko don rashin abin tsaron nan da ake kira TPM 2.0. Sai wasu samarin masu gyara suka koma ɗora musu Linux, wata babbar manhaja mai tafiyar da kwamfuta kamar Windows, galibi nau'insa na Ubuntu ko Linux Mint, tunda ba a biyan ko sisi kuma tsohuwar na'ura tana ɗaukarsa ba tare da nishi ba. Wannan duk alheri ne. Abin da ya biyo baya shi ne ya dame ni, domin wata tsohuwar kalma ta farfaɗo ta cika gari: direba.

Kwamfuta ta yi shiru, direba ne. Murya tana shaƙewa, direba ne. Lasifika ɗaya na yi ɗaya ba ya yi, nan ma direba. Kwanaki a wani shirin rediyo na kimiyya wani ya bugo waya daga wajen Daura, ya ce tun da aka ɗora masa Linux Mint bai ƙara jin ko tari daga kwamfutarsa ba. Mai gabatarwa bai tambaye shi komai ba, ya ce da shi, "Malam, direban sauti ne babu, ka shiga intanet ka sauke shi." Ya faɗi haka da cikakken ƙarfin gwiwa, aka wuce zuwa mai kira na gaba. Ina tausayin datar bawan Allahn nan.

Ma'anar kalmar a taƙaice ba wuya: direba wata 'yar manhaja ce da ta san yadda ake sarrafa wani ɓangare guda na jikin kwamfuta, firinta ne ko kyamara ko aisin sauti, wato ɗan ƙanƙanin ɓangaren lantarki mai sarrafa sauti, da ke manne a madabod, babban faifan da ke haɗa kayan cikin kwamfuta. Ita ce ke karɓar umarni daga babbar manhaja ta juya shi zuwa abin da ƙarfen zai gane. Iyakarta ke nan. Rikicin ya samo asali ne daga nauyin da kalmar take da shi a bakinmu. Mun ari "direba" daga Turanci tun zuwan mota, duk da muna da namu "tuƙi", wanda mata ke yi wa tuwo, masunta ke yi wa kwalekwale tun kafin a ga taya a ƙasar Hausa. Kuma direban da muka sani babban mutum ne. Shi ke da makulli, shi ke cewa a tashi, shi ke cewa a tsaya a yi salla, in an yi hatsari shi ake fara zagi. Saboda haka da Bahaushe ya ji an ce kwamfuta ma tana da direba, sai ya ɗora masa duk wannan girma da duk wannan laifi.

To bari mu bi kalmar har tasha, tunda can ta fito. Ka je tashar mota a Katsina za ka Daura. Ba direba kake fara gani ba, ɗan kamasho ne ke tare ka, ya karɓi kuɗinka, ya nuna maka motar da ke lodi. A ce garin hayaniya ya tura ka cikin motar Jibiya. Direban nan ya tayar da mota lafiya, bai yi gudun wuce sa'a ba, bai faɗa rami ba, ya sauke ka a Jibiya sumul. Kai kuma waɗanda ke jiranka a Daura har magariba ba su gan ka ba. Wa ya yi laifi? In ka kori direban ka kawo sabo, gobe ma Jibiya za a kai ka, matuƙar ɗan kamashon nan yana nuna maka mota iri ɗaya.

Haka sauti yake tafiya a Linux. Direban na can ƙasa, cikin cibiyar manhajar da ake kira kanel, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki. Ɓangaren cibiyar da ke kula da sauti sunansa ALSA. Jaroslav Kysela ne ya fara shi a 1998, kuma tun fitowar Linux 2.6 a ƙarshen 2003 shi ne ginshiƙin sauti. Direbobin suna zuwa ne a cikinsa, ba a sayo su daban. Mafi yawan kwamfutocin tebur da ke hannunmu suna bin tsarin sautin da Intel ya fitar a 2004, da yawansu da aisin kamfanin Realtek na Taiwan, kuma direba guda mai suna snd_hda_intel ne ke tuƙa su. Ranar da aka ɗora maka Ubuntu, ranar ya hau kujerarsa. Ɗan kamashon kuwa wata manhaja ce daban da ke zaune a samansa. Da can PulseAudio ne, wanda Lennart Poettering ya fara a 2004, Ubuntu ya ɗauke shi a 2008. Yanzu PipeWire na Wim Taymans ya karɓi aikin: Fedora, wani nau'in Linux, ya koma kansa a 2021, Ubuntu a 2022, Linux Mint kuma daga fitowa ta 22. Aikinsa shi ne ya tattaro sauti daga Firefox da VLC da duk abin da ke ƙara, ya gauraya, ya yanke shawarar ta wace ƙofa zai fita.

Jibiyar kwamfutar tebur kuwa, sau da yawa, ita ce HDMI. Tsohuwar wayar allo mai shuɗin kai, VGA, hoto kaɗai take ɗauka. HDMI da DisplayPort suna ɗaukar hoto da sauti tare. Da zarar ka haɗa allo da ɗaya daga cikinsu, kwamfutar tana ganin ƙofofin sauti biyu, ta lasifikarka da ta allon, kuma tana iya zaɓar allon ko da ba shi da lasifika ko ɗaya a jikinsa. Karatun da ka kunna yana tafiya, direba yana aikinsa ba kuskure, sautin yana isa cikin allon da ba shi da baki. Maganin bai wuce ka shiga saitin sauti, ka duba jerin wuraren fita, ka zaɓi wanda ba a rubuta HDMI a jikinsa ba. In kana son ganin abin dalla-dalla, akwai 'yar manhaja mai suna pavucontrol da ke nuna maka kowace manhaja da ƙofar da aka tura ta, har da sandar da ke rawa in sauti na wucewa. In sandar tana motsi kai kuma ba ka jin komai, to da wuya laifin direba ne.

Ban ce masu gyaranmu sun ƙirƙiro zancen daga iska ba. A zamanin Windows XP da Windows 7, duk wanda ya yi wa kwamfuta fomatin ya san wahalar: ka gama ɗora manhaja, babu sauti, babu intanet, sai alamar rawaya a jerin kayan na'ura, ka shiga neman faifan da ya zo da madabod wanda tuni yara suka yi wasa da shi. Kowane mai gyara yana da filashi cike da direbobi kamar mai maganin gargajiya da jakarsa. A can zancen gaskiya ne. Sai dai an ɗauko al'adar wani gida an kawo ta inda ba ta aiki, kuma ina zargin wasu sun san haka, amma "na sa maka direba" ya fi daɗin karɓar kuɗi a kan "na danna maɓalli ɗaya".

Na ga irin wannan a wani shago wajen Ƙofar Ƙaura. Wani dattijo mai makarantar Islamiyya ya kawo Dell ɗinsa a bayan babur, da ita yake kunna wa ɗalibai karatu. Yaron shagon ya riga ya sauke wani fayil mai ƙarewa da .exe daga wani shafi mai cike da talla, yana ta danna shi, Linux Mint yana kallonsa, domin irin wannan fayil na Windows ne, ba abincinsa ba ne. Maigidan shagon ya shigo ya tsaya a kansa.

"Kai, mi kake yi haka?"

"Oga, direba nake sa wa Malam."

Maigidan ya ja kujera, ya buɗe baƙin allon rubuta umarni, ya rubuta alsamixer. Wasu dogayen sanduna suka fito a jere, kowace da sunanta a ƙasa. Ya danna F6 ya zaɓi aisin sautin madabod, ya bi sandunan da kibiya har ya zo kan wadda aka rubuta Master. A gindinta akwai haruffa biyu, MM. Ya danna harafin M sau ɗaya, suka koma OO, sai ga muryar mai karatu ta cika shagon har dattijon ya zabura.

"Ikon Allah! Injiniya, ashe direban ya shiga?"

"Allah gafarta Malam, da ma yana ciki. Baki aka rufe mata."

MM ɗin nan na nufin an toshe wannan hanya, kuma toshewar a matakin ƙasa take, shi ya sa wani lokaci za ka ga alamar ƙara a saman allo ta cika maƙil amma shiru. A cikin alsamixer ɗin dai akwai wani saiti da ya fi ba ni haushi, Auto-Mute Mode. An yi shi ne da kyakkyawar niyya: in ka soka abin sauraro na kunne a ramin gaba, lasifikar baya ta yi shiru da kanta. Amma ramin da ya saki, ko ya sha ƙurar hunturun Katsina shekara da shekaru, yana iya riƙa shaida wa kwamfuta cewa akwai abu a cikinsa alhali babu. Sai ta kashe lasifika tana jiran kunnen da ba ya nan. Ka mayar da saitin Disabled, magana ta dawo. A nan ma mai laifin ƙura ce.

Sauran kuwa ba sa buƙatar dogon bayani. Ramukan bayan kwamfuta launi gare su tun ƙa'idar da Microsoft da Intel suka fitar mai suna PC 99: kore na lasifika, ruwan hoda na makirufo, shuɗi na shigo da sauti daga waje. Mutum ya durƙusa a ƙarƙashin tebur cikin duhu, an ɗauke wuta, ya soka a shuɗi. Ramukan gaba kuma wata siririyar waya ce ke haɗa su da madabod daga ciki, kuma a kwamfutar da aka sha buɗewa ba abin mamaki ba ne a tarar an manta ba a mayar da ita ba. Kafin komai, jona lasifikar da wayar hannunka ka ji ko ita kanta tana da rai.

Su ma mutanen Linux ba zan bar su su tafi haka ba. Wace irin dabara ce a ce mai makarantar Islamiyya sai ya san akwai maƙunnin ƙara a cikin manhajar da yake kallo, da wani a PipeWire, da wani a ALSA, kowanne yana iya kashe sauti ba tare da ya gaya wa ɗan'uwansa ba? Akwai dalili, na sani. A farkon zamani, a kan na'urori da yawa, in manhaja ɗaya ta riƙe sauti sauran sai su jira ta gama, don haka aka yi ta gina bene a kan bene don a warware wannan. Amma wanda bai san tarihin ba, shiru kawai yake ji. Kuma in ya nemi taimako sai a jefo masa umarni goma na Turanci ya kwafa, wasunsu an rubuta su ne tun zamanin PulseAudio, ya zuba su a kan na'urar da ke amfani da PipeWire, ƙaramar matsala ta zama babba. Na fi ganin laifin wannan a kan na yaron shago, domin shi aƙalla fayil ɗinsa bai buɗe ba balle ya yi ɓarna.

Akwai dai lokacin da kalmar take kan gaskiyarta, kuma yana da alama bayyananna. In ka shiga saitin sauti ka tarar babu komai a jerin sai Dummy Output, to ɗan kamasho ne ke gaya maka bai ga mota ko ɗaya a tasha ba. Buɗe baƙin allon rubuta umarni ka rubuta aplay -l. In ya lissafo maka katin sauti, direba na nan, matsalar a sama take, sau da yawa sake kunna kwamfutar ko sabunta manhajojinta yana isa. In ya ce bai sami katin sauti ba, nan ne za a fara zancen ƙasa. Ko a nan, a tsohuwar tokumbo, ni BIOS nake fara dubawa, wato saitin jikin madabod da ake shiga tun kafin babbar manhaja ta tashi, domin akwai wurin kashe sautin madabod gaba ɗaya a ciki, kuma wasu ofisoshin da suka yi amfani da na'urar kafin ta iso mana sukan kashe shi. Abin da BIOS ya ɓoye, babu direban da zai gan shi. Rashin direba na gaskiya ya fi faruwa ga sabuwar na'ura fil wadda ta fi cibiyar da aka ɗora mata sabunta, kuma maganinsa sabunta cibiyar ne ta hanyar manhajar sabuntawa da ke cikin Ubuntu ko Mint ɗin kanta, ba yawon shafukan talla ba.

In kuwa duk an bi an tarar aisin ne ya ƙone, abin da wutar da ke zuwa da ƙarfi bayan an ɗauke ta ba ta jin kunyar yi, kada ka bari a sayar maka da sabon madabod. Akwai ɗan katin sauti na USB, bai fi filashi girma ba, da ramuka biyu a bayansa, ana samunsa wajen masu sayar da kayan waya. Irinsa yana bin ƙa'ida ɗaya da Linux ya daɗe da sani, ka soka shi kawai, ka shiga saitin sauti ka zaɓe shi a jerin, ka mayar da wayar lasifika jikinsa.