Jirgin Ƙasan Abuja–Kaduna: Kyauta Ce Ko Bashi?

Wa ya biya kuɗin aikin?

Bankin Exim na ƙasar Sin ne ya ba Najeriya rancen dala miliyan 500, gwamnatin tarayya ta cika sauran. Kamfanin CCECC na Sin ɗin ya shimfiɗa layin dogon, kilomita 186 daga Idu a Abuja zuwa Rigasa a Kaduna. An fara aikin a zamanin Jonathan, Buhari ya buɗe shi a watan Yulin 2016.

Ashe ba tallafi ba ne?

Ba tallafi ba ne. Tallafi shi ne wanda aka ba ka ba a jiran ka mayar. Wannan rance ne mai sauƙin ruwa da dogon wa'adi, kuma galibi irinsa yakan zo da sharaɗin kamfanin ƙasar mai kuɗin ne zai yi kwangilar. Mutane da yawa suna haɗa biyun, shi ya sa ba sa tambayar inda kuɗin ya shiga, alhali daga harajinsu za a biya.

Kuɗin tikiti ba zai isa biyan bashin ba?

A nan gizo ke saƙar. Fasinja da naira yake sayen tikiti, bashin kuwa da dala ake biyansa. Da darajar naira ta faɗi a 2023, nauyin bashin ya ƙaru ba tare da an sake ranto ko sisi ba. Ga kuma watannin da jirgin ya yi a tsaye bayan harin da aka kai masa ranar 28 ga Maris, 2022, sai a Disamba ya dawo aiki.

To, asara aka yi ke nan?

A'a. Duk wanda ya san fargabar hanyar motar Kaduna a shekarun garkuwa da mutane ya san amfaninsa. Damuwata ita ce, fasinja kaɗai ba ya ɗaga tattalin arziki. Layin dogo yana biyan kansa ne idan yana ɗaukar hatsi, taki, siminti da shanu, ya rage wa ɗan kasuwa kuɗin tirela.

Me ya rage?

Haɗa shi da kasuwa. A 2021 aka aza harsashin layin Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi. Sai an kammala su ne buhun masarar Dawanau zai iya hawa jirgi ya sauka a Abuja.