Kwaskwarimar gida kafin a sayar

Kwaskwarimar gida kafin a sayar, abin da a Turance ake ce wa home staging, ita ce rage wa gida kaya da shirya ɗakunansa ta yadda duk wanda ya shigo dubawa zai ji kamar shi kawai ake jira ya tare. Ba gini ba ne ba kuma canza rufi ba, aiki ne na ido. Kuma ta sha bamban da adon da mutum ke yi wa gidan da zai zauna, don shi wancan son ransa yake bi, wannan kuwa son ran baƙon da bai taɓa gani ba ake bi.

Wadda ake cewa ita ta mayar da abin sana'a wata dillaliyar gidaje ce a Amurka, Barb Schwarz, a shekarar 1972 a yankin Siyatil na jihar Washinton. Da ma ta taɓa harkar wasan kwaikwayo, daga can ta aro sunan, wato a shirya gida kamar yadda ake shirya dandamali kafin 'yan kallo su shigo. A 1999 ta kafa ƙungiyar masu wannan sana'a ta ƙasa da ƙasa. Ita ma ƙungiyar dillalan gidaje ta Amurka takan yi bincike a kai, kuma a rahotanninta na 2019 da 2021 da 2023 sama da kashi 80 cikin 100 na dillalan masu saye sun ce gidan da aka shirya ya fi sa mai saye ya hango kansa a ciki. Sai dai fa a tuna dillalai ne aka tambaya, ra'ayinsu ne, ba awo aka yi ba.

Babban aikin dai ragewa ne ba ƙari ba, kuma nan ne masu gida suka fi shan wuya, don mutum ya shekara goma da kayansa har idonsa ya daina ganinsu, tarin takalma a bakin ƙofa, kwalayen da aka ce za a zubar tun bara, kujera ta uku da ta toshe hanya a falo, shi duk bai ga komai ba amma baƙo da shigowarsa su zai fara gani sai ya ce gidan ya matse. Ana kwashe hotunan iyali da takardun shaidar makaranta da ke bango da duk abin da ke nuna wane ne mai gidan, don muddin hoton wani na kallonka daga bango to kai baƙo ne a wurin, ba za ka fara tunanin inda za ka sa gadonka ba. A kicin a bar saman teburin girki fili, tukunya ɗaya ko biyu sun isa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kwashe tarkacen a cusa cikin kabad a danne ƙofa, alhali mai saye sai ya buɗe kabad ɗin nan, in kaya suka zubo masa a ƙafa shi kenan ya yanke cewa gidan ba wurin ajiya. Gara a fitar da su daga gidan gaba ɗaya.

Bayan ragewa sai tsabta da haske. A ɗage labule, a wanke taga, a canza ƙwan fitilar da ya mutu, bango mai launi mai ƙarfi a mayar da shi fari ko ruwan madara. Wari kam mai gida ba ya jin na gidansa, sai ya kira wani ya shaƙa masa, kuma fesa turare a kan ɗoyi ba magani ba ne, zargi ma yake jawowa. In kuɗi ko lokaci ya yi kaɗan, falo da babban ɗakin kwana da kicin aka fi ba muhimmanci.

Gidan da aka kwashe komai shi ma da tasa matsalar, ɗaki wayam yakan yi kamar ya fi ƙanƙanta saboda ido bai da abin gwada girma da shi, shi ya sa masu sana'ar ke hayar gado da kujeru na ɗan lokaci. Yanzu da yake yawancin masu saye a intanet suke fara ganin gida, har da kwamfuta ake saka kayan ɗaki cikin hoton ɗakin da babu komai, ya fi araha nesa, amma shafukan tallan gidaje da yawa sun sharɗanta a rubuta cewa hoton an taɓa shi. A nan iyakar take, a ɗauke kujera don ɗaki ya buɗe kwaskwarima ce, a jingina kabad don rufe bangon da ya tsage ko a shafa fenti kan silin mai yoyo kuwa algus ne, kuma a ƙasashe da dama mai saye na iya kai ƙara kotu in ya gano an ɓoye masa aibin da mai gida ya san da shi.